Banɗakin Inna



Ba Inna ce ta gaya mana ta faɗi ba. Ƙanwata ce ta lura kwana uku a jere tana salla a zaune, ta matsa mata da tambaya, sannan ta ce wai santsi ne ya ɗan kwashe ta a hanyar bayan gida da daddare. Wannan "ɗan kwashewar" gwiwa ce ta kumbura har ba ta lanƙwasuwa. A tsakiyar damina ne, cikin Agustan 2023. Gidanmu irin tsohon ginin nan ne na cikin birnin Kano, ɗakuna a gaba, masai da wurin wanka can ƙarshen gida bayan turken awaki. Washegari na ƙirga, daga ƙofar ɗakinta zuwa can taku talatin da huɗu ne. Sama da shekara arba'in tana wannan tafiyar da buta a hannu, mu da muka girma a gidan ba mu taɓa ganin nisan ba sai ran nan.

Ni da yayata muka yanke shawarar a rushe tsohuwar rumfar da ke jikin ɗakinta, a fitar da ƙaramin falo da banɗaki. Da na je mata da maganar, sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, masai a ɗakin da nake salla?" Ni ne ɗanta na fari a maza, ba ta kama sunana. Mun yi mako biyu muna lallashi kafin ta yarda, kuma da sharaɗi biyu: kada ƙofar banɗakin ta buɗe cikin ɗaki kai tsaye, a bar ɗan lungu a tsakani, sannan wanda ya zauna kada ya fuskanci alƙibla, kada kuma ya ba ta baya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ginin kansa ba zan tsawaita a kansa ba, duk wanda ya taɓa aza bulo a shekarun nan ya san labarin. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tifar yashi ta tashi, kuɗin dako ya tashi. Buhun simintin da muka fara saye a wajen naira 5,000, kafin Fabrairun 2024 ya haura 10,000. Gini ya tsaya a linta wata uku, har ciyawa ta nemi fitowa a tsibin yashin. Da kyar muka rufa kwano. Abin da ya rage a hannunmu na kayan banɗaki bai kai rabin abin da muka ware tun farko ba.

Na shiga Ƙofar Ruwa na taya kaya, na fito jiki a sanyaye. A daren na buɗe waya. Jiji, Jumia, shafukan 'yan kasuwa a Facebook da Instagram, babu inda ban leƙa ba. A nan ne, in faɗi gaskiya, na fara manta wa nake yi wa ginin. Hoto yana da wani irin sihiri da ƙarfe ɗayan dare. Sai ka ga banɗaki fari tas, fitila na haska shi, shawa mai faɗin faranti tana zubo ruwa kamar mamako, sai ka ji ai mahaifiyarka ma ta cancanci haka. Na riƙa adana hotuna ina tura wa yayata, ita kuma tana turo min da tambaya ɗaya: "Nawa?" Ban taɓa kai wa Inna ko hoto ɗaya ba. A raina wai ba-zata zan yi mata.

Daga ƙarshe na daidaita da wani mai shago a Legas, wajen Orile inda ake hada-hadar tayil da kayan banɗaki. Masai na zama, abin wanke hannu, shawar nan mai faɗi, da kan famfo uku. Ko da na haɗa da kuɗin mota, lissafina ya nuna na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ce min a Kano. Ya kira ni ta bidiyo ya nuna min kayan ɗaya bayan ɗaya, na tura kuɗi, ya ba ni lambar direba. Kwana biyar ɗin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. Duk labarin wanda aka damfara a intanet da na taɓa ji sai da ya dawo min. Ran na shida direba ya kira, na je tasha da Adaidaita Sahu, na tarar da kwalaye an naɗe da tsummoki da igiya. Na buɗe a gabansa. Babu abin da ya fashe. Mutumin bai cuce ni ko sisi ba, abin da ya nuna min shi ya turo.

Falamba ya zo da safe, dattijo ne, ya juya masan ya dubi bayansa, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Malam, wa ya zaɓo wannan?"

Na ce ni ne.

"Ka tambaye shi ta ina yake fitar da ruwa?"

A ranar na san masai na zama iri biyu ne. Akwai mai zubarwa ta ƙasa, akwai mai zubarwa ta baya ya ratsa bango. Shi falamba tun lokacin da ake daɓe ya binne bututunsa mai inci huɗu a ƙasa, ya nufi sokawe da shi. Nawa kuwa na bango ne. A hoto duka ɗaya suke, domin ba wanda ke ɗaukar hoton masai ta baya. Mai shago bai tambaye ni ba, ni ma ban san akwai abin tambaya ba, kuma falamban da ya sani yana nan unguwarmu, lambarsa na cikin wayar da nake kwana a kanta.

Na ce to a huda bango mana. Bangon da ke bayan masan na maƙwabta ne. Ɗaya bangon da ke fita tsakar gida na gabas ne, in aka jingina masan a can, mai zama ya ba alƙibla baya ke nan. Sharaɗin da na ce mai sauƙi ne shi ya tsare ni. Mayar da kaya Legas kuwa, kuɗin mota zuwa da dawowa ya cinye ragin, ban da fargabar fashewa a hanya. Sai aka fasa daɓen da aka biya kuɗi aka yi, aka gusar da bututun, aka sayo wata gwiwar roba da ke karkatar da mafitar zuwa ƙasa. Masan ya zauna, sai dai ya ɗan matso gaba da kusan tafin hannu. Har yau in na shiga, wannan ratar nake fara gani.

Shawar ta fi ba ni haushi. Tankinmu a kan ƙarfe yake, tsayinsa bai wuce mita uku ba, kuma ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa. Irin wannan faffaɗan kai yana son ruwa mai turowa da ƙarfi, ko dai a ɗaga tanki sama sosai ko a sa injin turawa. Da aka buɗe, sai ruwan ya taru a gefe ɗaya yana ɗiga kamar indararo bayan an ɗauke ruwa. Falamba bai ce komai ba, ya ɗauki kan famfo ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ciro wani tsoho daga jakarsa ya miƙo min duka biyun. Nasa na tagulla ne, da nauyi. Nawa ƙyalli ne a waje, cikinsa wani ƙarfe mara nauyi. Ɗaya daga cikin ukun a wurin ɗaurawa ya tsage.

Kada in yi wa intanet rashin adalci. Farashin da na gani a waya shi ya ba ni bakin ciniki da na koma Ƙofar Ruwa sayen tayil, na san inda zan tsaya. Kuma a can ƙanwata ta ga ƙarfen nan da ake kafewa a bango domin tsofaffi su riƙe in za su tashi, abin da bai taɓa zuwa ran ɗayanmu ba. Shi ma ta waya muka saye, ya zo lafiya, kuma a duk kayan da ke ɗakin babu wanda Inna ke taɓawa kullum kamarsa. Tayil ɗin ƙasa dai ban yarda na saya a hoto ba. Mai shagon ya zuba ruwa a kan guda ɗaya, na cire takalmi na taka na murza ƙafa. Masu sheƙin duk na bar su, na ɗauki wani mai kaushi, launin ƙasa, wanda ko kyauta ba zan adana hotonsa ba.

Ranar da aka gama, bayan La'asar, muka riƙo hannunta ta shiga. Ta dubi masan, ta juya ta dubi inda gabas take, ta gyaɗa kai. Ta kama ƙarfen bangon ta jijjiga shi ta ji ko zai ɗauke ta. Shawar ko ɗaga kai ba ta yi ta kalla ba. Sai ta ce, "Allah ya yi albarka. To a ina zan yi alwala?"

Na nuna mata abin wanke hannu. Ta dube shi, ya kai mata ƙugu.

"In ɗaga ƙafar tawa har can? Kuma a cikin masai zan yi bisimilla?"

Washegari falamba ya dawo, ya ja bututu mai rabin inci zuwa ɗan lungun nan da ta sa aka bari, ya kafa famfon tagulla ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, ya fitar masa da 'yar magudana zuwa tsakar gida. Aikin bai kai awa biyu ba, kuɗinsa bai kai na shawar ba. Ta sa aka kawo mata kujerarta 'yar tsuguno ta ajiye a gabansa. Wanka kuwa da bokiti da kofi take yi, ta ce ruwan sama na Allah ma ba ta tsayawa a cikinsa balle na kamfani.

Faffaɗan kan shawar na kwance shi, yana kan sif ɗina cikin kwalinsa. Makon jiya na ɗauki hotonsa ta inda haske ya fi dukansa, na sa a shafina na ce na sayarwa ne. Mutum biyu sun tambayi farashi. Na farkon na tambaye shi tsayin tankinsa, bai sake amsawa ba.