Bagazam kafin zafi ya sauko

Mu ƴan Anu Araren duwatsun Abzin na gabas da mu, amma da yawanmu ba mu taɓa taka su ba. Abin da muka sani shi ne ramin gawayi da hayaƙin Sonichar, mai bai wa Arlit da Agadas kuran. Iyayenmu aiki ya kawo su daga Tawa, Maraɗi ko Damagaram, shi ya sa da bakans ta zo sai mu yi kudu.

A Turai da Maroko akwai masu sulu kan ƙanƙara da ba su son wuraren da aka gyara wa ƴan hutu. Sukan ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su manna musu wani ƙyalle mai kaushi a ƙasa don kar su zame baya, su hau dutse irin Tubkal mai tsawon mita 4,167, sannan su sulalo. Lokacinsu ƙarshen sanyi ne. Tun kafin asuba suke tashi, domin ƙanƙarar da ta daskare da dare takan yi laushi da hantsi, in aka makara kuma tana iya zubowa ta binne mutum.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma lissafin ɗaya ne. A ƙarshen Fabrairu na bi wani abokina Buzu, ɗan ajinmu, zuwa garinsu Tabelot, kawunsa ya ja mu muka hau Bagazam, inda ƙololuwa mafi tsawo a Nijar take, mita 2,022. Ya ce a Janairu sanyin sama ba ya barin baƙo barci, a Afrilu kuwa dutse kan yi zafin da ba a dafa shi. Tsakanin nan ne kawai ƙofa take buɗe.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, tsakanin manyan duwatsu da jaki kaɗai ke iya ratsawa da kaya. Kai, na sha wuya! Amma da muka kai sama sai ga fili shimfiɗe, ga ƙauyuka, ga garake kore shar. Saukowa ta fi hawa ban tsoro, gwiwa na rawa, tsakuwa na zamewa. Tsohon nan ko waiwaye ba ya yi, sai dai ya ce, "Yaro, taka inda jaki ya taka." Jakunan kuwa buhunan tafarnuwa da dankali ne a bayansu.

Da can Turawa yake yi wa jagora. Tun tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010 suka ɗauke ƙafa. Ƴaƴansa maza sun tafi haƙar zinariya Jado. Na tambaye shi wa zai gaji sanin hanyoyin nan da wuraren ruwa, sai ya yi dariya ya miƙo mini shayi.

Ƴan uwa, wannan dariyar ce ta hana ni sukuni. Idan muna jiran Bature ya dawo kafin dutsenmu ya yi daraja, to masu sanin hanya za su ƙare muna jira. Mu haɗa kuɗin mota, mu biya jagora hakkinsa, mu tafi da littafi mu rubuta sunan kowace rijiya da kowane kwazazzabo. Sanyi ya fara saki, Afrilu kuma ba ta da nisa.