Tiren yashi a Faransa, tassa a Illela

A makarantun Faransa da ke bin shirin La main à la pâte, darasin zaizayar ƙasa yakan fara da tire cike da yashi. A karkata shi, yara su zuba ruwa, su ga yadda yake yanka hanya yana kwasar ƙasa. Sai su jera tsakuwa a gicciye, su sake zubawa, su kwatanta. Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, shi da abokan aikinsa suka kafa shirin a tsakiyar shekarun 1990, don yaro ya taɓa da hannu kafin a ba shi bayani.

A Tsarnawa kuwa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Ƙonni zuwa Maraɗi, ɗan kwaleji ya fi saduwa da darasin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a kan allo. Mushe ya zana, ɗalibi ya kwafa, ya haddace saboda jarrabawar BEPC. Aji ya cika maƙil, kayan gwaji sun yi ƙaranci, malami bai da laifi.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne, wannan yaron ya fi na Faris kusa da darasin. Dutsen da masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti ya taru ne a ƙarƙashin tekun da ya rufe yankin fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Kowace damina ƙoramar Maggiya na kwaso laka tana jibgewa a madatsar Mozage. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga ramukan shuka masu tare ruwa, suka dawo suka inganta irin nasu ramukan, wato tassa, har faƙo ya koma gona. Gwajin tiren nan ne aka yi a fili, da fartanya.

Malamin Tsarnawa ba ya bukatar odar komai daga waje. Tsohon faranti, yashin ƙorama, marmara, yumɓu da gwangwani mai huji sun isa. Yaran da suka iya gina shanun laka za su iya gina tudun Adar da kwarinsa, rukuni ɗaya ya haƙa tassa, ɗaya ya bar nasa fili, sannan a auna ruwan da ya gangaro daga kowanne.