Bikin Komowa Gida da Wasan Waƙa a Wata Makarantar Amurka

Tun da na komo daga Amurka 'yan'uwana 'yan makaranta suke ta tambayata labarin ƙanƙara da dogayen benaye. To, benaye dai ban zauna cikinsu ba, don garin da aka kai ni cikin watan Agusta na 2023, a shirin musayar ɗalibai, ɗan ƙaramin gari ne a Jihar Ayowa, ko'ina ka duba sai gonakin masara da na waken soya. Abin da na fi so in ba ku labari shi ne waɗansu al'adu biyu na makarantar sakandaren garin, waɗanda suka zo mini a jere cikin zangon farko.

Ta farko suna ce da ita Homecoming, watau komowa gida. Mako guda ne cur, wajen ƙarshen Satumba, sa'ad da tsofaffin ɗalibai kan komo su ga makarantarsu, su kalli wasan ƙwallo. A jami'o'i abin ya samo asali. Jami'ar Mizuri tana cikin masu cewa su suka fara, don a 1911 shugaban wasanninta, Chester Brewer, ya gayyaci tsofaffin ɗalibai su zo kallon karawarsu da Jami'ar Kansas. Amma ta Ilinoi ta yi nata tun 1910, saboda haka gardama ba ta ƙare ba.

Kowace rana ta makon da irin shigarta. Ran Litinin kowa ya zo aji da kayan barci, har malamin lissafi, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ran Laraba aka ce kowa ya yi shigar wata ƙasa. Ni kuwa na ɗauko kaftanina da hula zanna na sa. Aka yi ta yaba mini, wai na iya shigar wasa, alhali kuwa kayan Juma'ata ne. Ran Juma'a da yamma aka yi jerin gwano a babban titin gari, motar kashe gobara a gaba, 'yan badujalar makaranta a baya, sa'an nan motocin noma suna jan keken kaya da kowane aji ya ƙawata, ana watsa wa yara alewa. Da dare aka yi ƙwallon, irin tasu mai kama da gwanda, wadda mutum goma sha ɗaya na kowane ɓangare ke runguma suna ture juna. A nan aka nuna wa jama'a saurayi da budurwar da ɗalibai suka zaɓa da ƙuri'a, aka ce su ne sarki da sarauniyar biki. Ran Asabar aka yi rawa. Na leƙa, na sha lemo, na koma gida.

Ba na raina wannan biki. Na ga tsoho mai shekara wajen saba'in sanye da rigar makarantarsa ta zamanin samartaka, yana nuna wa jikarsa wurin da ya saba zama. Lalle da tsofaffin ɗalibanmu za su riƙa komowa haka kowace shekara, da sun ga tagogin ɗakin gwaje-gwajenmu da idonsu. Amma fa biki ne na wanda ke da gidan komowa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kuma ba ni kaɗai na zama raɓa ba, don na lura da waɗansu yara haifaffun garin da suka yi makon nan a gefe, ba wanda ya zaɓe su, ba wanda ya neme su rawa. Sarauta dai ta tafi wurin waɗanda aka riga aka sani.

Ana gama wannan sai malamar waƙa ta manna takarda, ana neman 'yan wasan kwaikwayo na shekara. Nasu ba kamar namu ba ne, rabinsa magana rabinsa waƙa da rawa, ga makaɗa a zaune gaban dandamali. Uwar masaukina ta ga ina yawan zama ɗaki, ta ce in je ko ƙusa ce in buga musu.

Wasan da aka zaɓa sunansa The Music Man, na Meredith Willson, wanda aka haifa a Mason City ta nan Ayowa a 1902. An fara nuna shi a birnin New York a 1957, kuma har yanzu sai makaranta ta biya kuɗin izini kafin ta yi shi. Labarin wani ɗan damfara ne, Harold Hill, da ya sauka wani ƙaramin gari na Ayowa a 1912, ya tsorata iyaye da cewa 'ya'yansu za su lalace, don ya sayar musu da kayan badujala da rigunanta, alhali shi kansa bai san kan kiɗa ba. Har akwai waƙa guda a ciki da ke yi wa mutanen jihar ba'a saboda taurin kansu da rashin sakin fuska ga baƙo. Abin mamaki, ita suka fi tafa wa.

Muryata ba ta waƙa ba ce, amma aka yi sa'a fitowar farko ba ta bukatar murya. Fatake ne cikin jirgin ƙasa suna gardama, maganarsu na bin ƙarar jirgin, tana tashi a hankali, ta yi sauri, ta lafa, ba kiɗa ko kaɗan. Aka ba ni layi huɗu. Kai, layi huɗun nan sun ba ni wuya! In ka makara da ƙiftawar ido, jirgin duka ya kife. Mako bakwai muka yi muna gwaji, kullum bayan an tashi har dare, ran Asabar kuma mu yi aikin katako da fenti. Da malama ta ga ina fita neman wurin sallar magariba, sai ta ba ni mabuɗin ɗakin kayan wasa, nakan shimfiɗa darduma tsakanin akwatunan huluna.

A nan na ga abin da ban gani ba a makon biki. Wanda aka naɗa sarki, ƙaton ɗan ƙwallo, shi ma farke ne a jirgina, kuma ya fi ni tuntuɓen harshe. Wata yarinya da ba ta cewa uffan a aji ita ke riƙe da littafin wasan, da na'urar magana a kunne, ba fitilar da za ta kama, ba labulen da zai motsa sai ta ce. In ta ɗaga hannu, sarki ma tsit yake yi. Mu wajen hamsin ne, kuma in ɗaya bai zo ba sai an ji, ko da mai jan igiya ne.

Dare uku muka yi wasan cikin Nuwamba, zaure cike. A daren ƙarshe, mutane na watsewa muka ɗauko guduma muka wargaza jirgin da garin duka, don haka al'adarsu take, ba a kwana da su. Sa'an nan aka kai mu sababbi bayan dandamali, inda akwai bango cike da sunayen waɗanda suka taɓa yin wasa a wurin. Na ga sunan maigidan da ya sauke ni, da 1989 a gefensa. Aka miƙo mini alƙalami. Wuri ya ƙure, sai da sarki ya ɗaga ni a kafaɗa, na rubuta nawa da boko da ajami, can sama kusa da bututun ruwa.