Lissafin da Ɗana Ya Koya Wurin Mai Ɗinkin Hula

A makarantar mishan da bulala aka koya mini lissafi, ni ma da bulala na so in koya wa ɗana. Sau uku ya faɗi jarrabawa, har na kira shi dolo a gaban uwarsa. Daga ranar nan ya daina sakin jiki da ni.

Wata Asabar na aike shi daga Nima zuwa Kasuwar Malam Atta, shiru bai dawo ba. Da na bi sawu, sai na tarar da shi zaune wurin wani dattijo Musulmi mai ɗinkin hula. Dattijon ya ce, "Malam, ɗan nan naka ya iya ƙirga. Bakin hular nan ɗinki 96 ne. Na ce ya raba mini shi zane 8, nan take ya ce kowane zane 12." Kunya ta rufe ni. Rabawar da ta gagare shi a kan allo, ga shi ya yi ta a bakin hula.

Da dare na buɗe Littafin Fitowa sura 26. Labulen alfarwa 10 ne, kowanne tsawonsa kamu 28, faɗinsa kamu 4. A sura 31 kuma, Bezalel mai sana'ar hannu ne Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin. Ashe awo da ado tare Ubangiji ya ba da su.

Washegari na roƙi ɗana gafara. Yanzu a makarantar Lahadi muna zana labulen nan, yara suna aunawa suna ƙirgawa.

'Yan'uwana iyaye, kafin mu ɗaga bulala, mu fara duba abin da hannun yaro ya iya. Allah ya ba mu haƙuri. Amin.