Tsakanin Kano Da Jidda

Ran da kakata ta yanke shawarar sayar da gonarta don ta biya kujerar Hajji, kawunnaina suka tashe ni daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, wai in je in lallashe ta ta fasa. Ban ƙi ba, domin kuɗin makarantata daga amfanin wannan gona suke fitowa.

Bayan mun gaisa, tun ban buɗe baki ba ta ce, "Ɗan boko, daga nan zuwa Makka zango nawa ne?"

Na ce, "Iya, yanzu ba a lissafi da zango. Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar kamar awa biyar. Masana suna auna shi ne tamkar a miƙa zare a bayan ƙwarya, saboda duniya a kewaye take. Amma ba kullum jirgi yake bin zaren ba. Alal misali, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, sai da jiragen alhazai suka riƙa yin zagaye."

Jin sunan Sudan ke da wuya sai ta yi shiru. Can ta ɗauko wata tsohuwar wasiƙar ajami daga cikin adaka. Ashe tana goye mahaifinta ya bar Gwaram da ƙafa, ya nufi gabas. Ko da yake tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, a wancan zamani talaka bai san shi ba sai dai ya hango shi a sama. Ya bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, ya wuce Abeche da Fashir, har ya isa gonakin audugar Jazira. Daga can ya aiko cewa yana ƙwadago, yana tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gonar da ake ta magana a kanta kuwa, ita ce ya bari.

Ta ce, "Awa biyar ka ce? Ni fiye da shekara saba'in nake jiran ya ƙarasa tafiyar nan. Bari gonarsa ta ƙarasa masa."

To, jama'a, me zan ce? Lissafina daidai ne, amma na gane cewa nisan da taswira take nunawa bai kai wanda mutum yake biya da shekarunsa ko da dukiyarsa ba. Na koma na shaida wa kawunnaina cewa na kasa. Kuɗin makaranta kuma na nemi koyarwa a wata firamare lokacin hutu.

Abu ɗaya ta roƙe ni, in nuna mata a taswira inda Jazira take, ko jirgi ya bi ta samanta ko bai bi ba, don ta san wajen da za ta juya ta yi masa addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi Hajjinta, amin.