Bishiyar da ke cikin ƙirjin Inna

Ranar da na raka mahaifiyata asibiti kan tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ɗauko wani zanen huhu daga aljihun teburinsa domin ya yi mana bayani. Inna ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Likita, ai wannan bishiya ce aka kifa." Ya yi murmushi ya ce ko a littattafansu sunan da ake kiranta ke nan.

Maganar ta zauna mini a rai. Ni ɗan jarida ne, ban karanci kimiyya ba, amma tun daga ranar nake ganin wannan siffa duk inda na waiwaya: abu ɗaya ya taso daga tushe, ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, har rassa su bazu ta kowace fuska.

Bari mu fara da huhun. Iska na shiga ta maƙogwaro, bututu ɗaya tal. A ƙirji sai ya rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Wani masani ɗan Suwizalan, Ewald Weibel, ya bayyana a 1963 cewa rabuwar tana maimaituwa kimanin sau 23 kafin ta ƙare a 'yan ƙananan jakunkunan iska sama da miliyan 300. Da za a shimfiɗa bangayen jakunkunan nan a ƙasa, za su rufe kimanin murabba'in mita 70, wato girman wani madaidaicin tsakar gida. Amfanin rassa ke nan: su ne hanyar cusa fili mai faɗi cikin ƙaramin wuri, tare da kai wa kowane lungu rabonsa.

Rabuwar kuma tana da ƙa'ida. Fiye da shekara 500 da suka wuce Leonardo da Vinci ya lura cewa idan aka haɗa kaurin rassan bishiya a kowane tsayi, zai yi daidai da kaurin gangar jikinta. A 1926 Cecil Murray ya yi lissafi makamancin wannan kan jijiyoyin jini. Jijiya mai faɗi tana cin jini mai yawa, kuma jiki na wahala wajen samar da shi; siririya kuwa tana gajiyar da zuciya wajen turawa. Matsakaicin da ya fi sauƙi, a lissafinsa, shi ne idan jijiya ta rabu gida biyu daidai, faɗin kowace ya zama kusan kashi huɗu cikin biyar na uwar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne siffar tana fitowa har a inda babu rai. Wanda ya buɗe taswirar arewacin Najeriya ya ɗora yatsa a kan tsaunukan Jos zai ga koguna suna fita daga wurin kamar haƙarƙarin laima. Kogin Kaduna ya nufi yamma ya zuba a Neja. Gongola ya kewaya ta arewa maso gabas ya faɗa Binuwai. Ruwan da ke zama kogin Jama'are ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ɗigon ruwan sama biyu na iya sauka a dutse ɗaya, ɗaya ya ƙare a Tekun Atilantika, ɗaya a bakin hamada. Babu wanda ya tsara musu hanya. Ruwa na bin gangare, inda ya bi sai ya zaizaye ƙasa, inda ya zaizaye kuma nan ruwan gaba zai fi saurin bi.

Haka lantarki yake yi. A 1777 wani Bajamushe, Georg Lichtenberg, ya ga ƙura ta jeru kamar rassa a kan farantin da cajin lantarki ya ratsa, kowane reshe na fita daga tsakiya. Har yau ana kiran siffar da sunansa, kuma wani lokaci takan bayyana na ɗan lokaci a fatar wanda tsawa ta faɗa wa. Tsinin da ya riga saura gaba shi ke jan ƙarin ƙarfi, sai ya daɗa tsawo, har ya tsage biyu.

Kada kamanni ya ruɗe mu. Huhu yana bin umarnin ƙwayoyin halitta tun a ciki, kogi kuwa aikin zaizaya ne. Abin da ya haɗa su shi ne matsala ɗaya: yadda za a sada wuri guda da fili mai faɗi, ko dai a rarraba ko a tattaro.

Wannan tsari yana da raunin da ya shafe mu kai tsaye. Saboda ƙananan bututun iska suna da yawan gaske, dubbai daga cikinsu na iya toshewa ba tare da mutum ya ji komai ba, domin sauran suna ɗauke nauyin. Kafin numfashi ya fara sarƙewa, ɓarna ta yi nisa. Likita ya tambayi Inna ko tana shan taba. Ta ce, "A'uzu billahi." Ya tambaye ta shekara nawa ta yi tana girki da itace a rufaffen madafi. Ta kasa ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Tuwon da ya raine ni, a cikin wannan hayaƙin aka tuƙa shi.

Mun saya mata murhun gas, mun fasa wa madafin taga. Likita ya faɗa mana gaskiya cewa rassan da suka lalace ba za su dawo ba, aikinmu shi ne kare waɗanda suka rage. Har yanzu takan yi ƙorafin cewa miyar gas ba ta kai ta itace ɗanɗano ba, nakan ce, "Inna, a yi haƙuri da ita haka." Idan akwai wata a gidanku da ta daɗe tana tari a bakin murhu, a kai ta a auna numfashinta tun kafin ta ce ta gaji.