Malamin Gida da Ƙofar Jami'a

A arewacin ƙasar Zazzau, watau wajen Ikara da Makarfi da Kudan, arzikin jama'a a gona ya ke. Makarfi da Kudan sun yi suna wajen rake da mazarƙwaila, Ikara kuwa wajen tumatir da barkono. Daga waɗannan garuruwa zuwa Samaru, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, tafiyar ɗan lokaci ce a mota. Duk da haka akwai samari da 'yan mata da su ka gama sakandare su ka tsaya cik a bakin ƙofarta, kuma sau da yawa Turanci ne ya tare musu hanya.

Dalili kuwa shi ne, mai neman shiga jami'a sai ya haye kogi biyu. Na fari, ya sami kiredit a darussa biyar cikin jarrabawar WAEC ko NECO, da Turanci a cikinsu. Na biyu, ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussanta huɗu ne: uku bisa ga abin da yaro ya ke nufin karantawa, na huɗun Turanci, wanda ya ke tilas a kan kowa. Tun daga 2015 a kan kwamfuta a ke yin ta. Saboda haka uba ya kan sayar da rakensa ya ɗauki malamin da zai riƙa koya wa ɗansa da maraice. Kuɗin gumi ne, ya kamata a san inda za su.

Malaman nan iri biyu ne. Akwai wanda zai zo da tarin tambayoyin shekarun baya, ya yi ta karanta amsoshi, yaro yana haddacewa. Ranar jarrabawa in an juya tambaya kaɗan, sai hadda ta watse. Akwai kuma wanda ba ya fara koyarwa sai ya saurara. Ya kan ce, "To, samari, rubuta mini yadda a ke dafa mazarƙwaila a garinku." Daga wannan 'yar takarda zai gane inda ƙafar yaron ta ke tsayawa da inda ta ke zamewa, sa'an nan ya fara daga wurin.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya iya abin da ke kai, ba a kuma jan mai sauri baya domin mai nawa. Malamin Turanci na ƙwarai haka ya ke yi. Ya san Hausa yadda a ke faɗinta haka a ke rubuta ta, alhali Turanci yana da haruffan da a ke rubutawa ba a furtawa. Ya san bakin Bahaushe ya kan gauraya harafin p da f, ya kan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda aka yi har aka sami kalmar burodi. Ya san a Hausa tebur namiji ne, kujera mace, amma Turanci yana da lamiri dabam na abin da ba mutum ba. Kowane yaro da nasa tuntuɓe cikin waɗannan, maganin wani kuwa ba ya yi wa wani.

Har wa yau irin wannan malami ya kan tambayi yaro abin da ransa ya ke so ya zama. Uba yana iya burin ɗansa ya zama likita, alhali hankalin yaron ga aikin gona ya karkata, ga kuma cibiyar binciken aikin gona nan a Samaru. Wanda ya zaɓi darussan da ba su dace da sashen da ya ke nema ba, ko ya ci maki mai yawa, ba za a ɗauke shi ba. Ƙofa kuma ba ɗaya ba ce: akwai Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da makarantar Nuhu Bamalli a Zariya, da makarantar koyon aikin lafiya a Makarfi kanta.

Uban da iyakar bokonsa ajin yaƙi da jahilci kada ya ce ba shi da ta cewa. Ya zauna kusa da zaure ya kasa kunne: in muryar malami kaɗai ya ke ji, da sauran gyara. Ya sa yaron ya karanta masa shafi guda, ya fassara masa da Hausa. Wanda ya gane abu lalle zai iya bayyana shi da harshen uwarsa. In kuwa wani ya ce a ba shi kuɗi ya samo amsoshin jarrabawa, a sallame shi nan take, gama takardar da aka saya ba ta karatu a aji. 'Ya mace ita ma a yi mata wannan hidima daidai da ɗan'uwanta. A fara da wuri, tun yaro yana da shekara biyu kafin ya gama sakandare, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.